Littafin Ma'aji

Ranar Lahadi, in an watse daga sujada,
majami'armu ta Kwannawa takan yi tsit,
sai kwanon rufi ke ƙas-ƙas da zafin Sakkwato
kamar mai ƙirga nasa kuɗin.
Mu uku mukan rage: ni, Dattijo Filibus, da akwatin baiko.

Shekara bakwai ina riƙe da littafin nan.
Ba sai an sa suna a ambulan ba,
hancina ya san 'yan'uwa.
Ɗari biyar mai ƙarnin kifi ta Damaris ce,
daga gulbin Rima ta biyo ta kasko.
Mai baƙin mai a kusurwa, Kefas bakanike.
Wadda ta ji albasa har ta sa ni ƙwalla,
Barnabas ya yi dako a tashar Illela.
Sababbi ƙal, masu yankan yatsa,
na mai zama a kujerar gaba ne,
yakan ɗaga hannu sama kafin ya saki
don fanka ma ta shaida.

Sai Inna Lai'atu.
Ba albashi, ba shago,
zabi take kiwo a bayan gidan haya.
Ƙwai tara na gishiri da sabulu,
na goma takan naɗe a tsumma
ta kwantar cikin akwati kamar jinjiri.
Na taɓa ce mata, Inna, littafina na naira ne,
ina zan rubuta ƙwai?
Ta ce, ja layi, ɗana. Wanda ya zana zabo ya iya karatu.
Na ja layi da jan biro.

Bana bazara ta zo da annoba.
Mako guda, zabi goma sha ɗaya,
ta haƙa musu rami gindin dogon yaro.
Muka je jaje, ta ba mu ruwan randa.

Lahadi ta zagayo, na zazzage akwati.
Can ƙasa ga tsummanta,
ƙulli biyu kamar kullum.
Na kwance. Wayam.
Filibus ya ce, tsufa ne, ta manta.
Ni na gan ta a layi ana waƙar baiko,
tana jan ƙafarta mai ciwo,
ta kawo ushirin abin da ya rage mata.

Ni kuwa tun Jumma'a albashi ya shigo,
waya ta yi ƙara ina tsakiyar darasi.
Da dare na yi wa Allah lissafin 'yan kasuwa:
a cire haya, a cire kuɗin makarantar Rahila,
bashin mai shinkafa, maganin hawan jini, man babur,
abin da ya saura, shi za mu raba goma.
Da na gama yanka, rabonsa bai kai kwanon gero ba.
Na liƙe ambulan da yawu,
na rubuta sunana da manyan baƙaƙe.

Ban ce hayar ƙarya ce ba.
Mai gida ba ya karɓar amin a madadin kuɗi.
Fasto ma wata biyu ba a cika masa nasa ba,
rufi na yoyo daidai kan bagade,
kuma da naira ake toshe shi, ba da tsumma ba.
Na sani. Ni ne ma'aji.

Amma ga biro, ga layin Inna Lai'atu.
In sa sifiri? Hannu ya ƙi.
Filibus na duba agogo, tuwonsa na hucewa.
Masallacin tsallaken titi ya kira azahar.
Na rubuta kwanan wata,
na rubuta: ta kawo.
Na ninke tsumman na sa aljihun gaba.

A hanya na tsaya wurin mai kaji,
na tambayi kuɗin 'yan zabi biyu.
Ya faɗa. Na yi tsaki, na wuce.
Sai da na kai kwanar gidanmu
na juyo da babur.